Fiyano ɗaya, manhajoji uku: littafin aiki

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Abin da nake son cim ma ba shi da wuyar faɗa. Ina da fiyano ɗaya mai madannai 61, irin wanda ba ya fitar da sauti da kansa sai an jona shi da kwamfuta ta wayar USB. Ina so in danna madanni ɗaya, manhajoji uku su ji a tare: FL Studio ta ba da murya, VMPK ta haska madannin da na taɓa a kan allo, MuseScore kuma ta rubuta notar a takardar kiɗa. Sai OBS ta ɗauki allon gaba ɗaya, ya zama bidiyon darasi da zan riƙa tura wa yaran da nake koya wa fiyano. Yawancinsu ba su da fiyano a gida. Sai ƙarshen mako suke taɓa madannai a wurina, kafin wani makon ya zagayo rabin karatun ya zube. Idan yaro yana da bidiyo a waya, yana jin sautin, yana ganin inda yatsa ya sauka, yana kuma ganin yadda ake rubuta shi, to ko a bayan kwali ya zana madannai zai iya yin bita.

Yau na gwada kai tsaye. Na buɗe FL Studio, fiyano ya yi magana lafiya lau. Na buɗe MuseScore a kanta, sunan fiyanon yana nan a jerin na'urori, amma na danna har na gaji, ko gezau. Na rufe su duka na fara da MuseScore, sai ya zama ita ke ji, FL Studio ta kurmance. Duk wadda ta riga shiga ita ke da ƙofar.

Ba waya ba ce, ba kuma fiyanon ne ya lalace ba. Direban gama-gari, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta, da Windows 10 ke ɗora wa na'urorin MIDI na USB (MIDI shi ne harshen da kayan kiɗa ke magana da kwamfuta da shi), manhaja ɗaya yake bari ta buɗe na'ura a lokaci guda. Akwai masu ƙera fiyano da ke ba da nasu direban wanda ke barin manhajoji da yawa su shiga. Nawa ba shi da direba na musamman, da na gama-garin yake aiki. Daga nan aikin zai fara.

Litinin, 7 ga Afrilu

Kafin in raba abu, ina so in ga mene ne shi. Na sauke MIDI-OX, tsohuwar manhaja ce, fuskarta ma ta nuna shekarunta, amma tana nuna duk abin da ya fito daga fiyano layi bayan layi. Na buɗe tagar sa ido na danna C ta tsakiya. Layi ɗaya ya fito: 90, 3C, 5A. Da na ɗaga yatsa wani ya biyo: 80, 3C, 40.

Shi ke nan abin da ke bi ta cikin waya. Lambobin a ƙirgen sha shida aka rubuta su. 90 na nufin an danna nota a tasha ta 1. 3C ita ce 60, lambar C ta tsakiya. 5A kuma 90 ce a ƙirgenmu na yau da kullum, wato ƙarfin da yatsa ya sauka da shi, a ma'aunin da ke tafiya daga 0 zuwa 127. Layi na biyu cewa yake an saki notar. Babu sauti a ciki ko kaɗan. Na taka feda, sai B0, 40, 7F: umarni mai lamba 64 ya kai ƙarshe. Na ɗaga ƙafa, 7F ta koma 00.

Na daɗe ina kallon layukan nan suna gangarowa. Tun 1983 aka tsara wannan harshe, lokacin da Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan suka jagoranci masu ƙera kayan kiɗa suka amince da hanya ɗaya ta magana tsakanin na'urori. A watan Janairun shekarar, a baje-kolin NAMM, aka jona na'urorin kiɗa biyu masu madannai, Prophet-600 da Jupiter-6, aka danna wannan wancan ya amsa. Wayar asali mai ƙusa biyar tana ɗaukar bit 31,250 a daƙiƙa, saƙon nota ɗaya ba ya cika milisakan ɗaya a hanya. Sama da shekara arba'in ke nan, fiyanon da ke gabana bai canza ko harafi ɗaya a wannan magana ba.

Abin da ya kwantar min da hankali shi ne wannan: tunda saƙo ne, ana iya kwafe shi sau nawa aka ga dama ba tare da ya ragu ba. Kamar malami ne ya biya karatu da ƙarfi, ko almajiri ɗaya ke gabansa ko ashirin, kowa cikakke zai ji. Matsalar a ƙofa take kawai. Saboda haka dabarar ita ce manhaja ɗaya tak ta riƙe fiyanon, ita kuma ta maimaita wa sauran.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ya yi aiki.

Na ɗora loopMIDI, wadda Tobias Erichsen ya rubuta a Jamus. Aikinta ɗaya ne: ta ƙirƙiro ƙofofin MIDI da babu su a zahiri, amma kowace manhaja tana ganin su tamkar na'ura ce aka jona. Duk abin da aka zuba a bakin ƙofar ta wannan gefe, yana fita ta wancan. Tagarta ƙarama ce, ka rubuta suna a ƙasa, ka danna alamar ƙari, ƙofa ta bayyana. Na yi uku, na sa musu Murya, Allo da Takarda.

A MIDI-OX na zaɓi fiyanon a matsayin mashiga, ƙofofin nan uku a matsayin mafita. Tana da taswira da ke nuna na'urori a hagu da dama, ana jan zare daga wannan zuwa wancan da linzami. Na ja zare uku daga fiyano. Sannan na bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya. A FL Studio na danna F10, na kashe fiyanon na gaske a jerin mashiga, na kunna Murya. VMPK na ba ta Allo. MuseScore na ba ta Takarda.

Na danna G. Sauti ya fito, madanni ya haska, nota ta zauna a kan layi na biyu na takarda. A tagar loopMIDI lambobin ƙofofin uku suna hauhawa tare. Na yi hamdala.

Ƙofa ɗaya ma ta isa, domin ƙofofin loopMIDI suna yarda manhajoji da yawa su saurare su a tare. Na zaɓi uku da gangan. Ina da yaƙinin nan gaba za a sami abin da nake so wata ta ji, wata kada ta ji, kuma in zaren ɗaya ne ba zan iya tace wa kowa nasa ba.

Ƙa'ida ɗaya na rubuta a takarda na manna a gefen allo, saboda yara suna taɓa kwamfutar: ban da MIDI-OX, kada wata manhaja ta zaɓi sunan fiyano.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Da na sa abin sauraro a kunne na ji abin da lasifika ta ɓoye jiya. Kowace nota muryoyi uku take fitowa da su. Ta FL Studio tana fitowa nan take. Wata tana manne da ita, sautin ya yi kauri yana rawa. Ta uku kuma tana biyo baya a makare, har kunne yana raba su.

Kowace manhaja tana ƙoƙarin taimakawa ne. MuseScore tana buga notar da aka shigar domin mai rubutu ya ji abin da ya rubuta. VMPK kuma tana miƙa abin da ta karɓa ga muryar MIDI ta cikin Windows, wadda aka yi domin kunna fayiloli, shi ya sa take da jinkirin da mai bugawa da hannu ke ji. Na kashe buga nota lokacin rubutu a saitin MuseScore, na kashe miƙawar a VMPK. Murya ta koma ɗaya.

Da yamma wani ɗalibina, da niyyar gyara, ya kunna Murya a jerin mafita na FL Studio tare da saƙon agogo, alhali tana nan a jerin mashiga. Abin da ta fitar ya dawo mata ta baya. Duk inda aka haɗa mafita da mashiga a ƙofa ɗaya an buɗe hanyar da saƙo zai riƙa zagayawa yana ninkuwa, kuma loopMIDI tana da tsaro a kan haka: in ta ga ambaliya sai ta toshe ƙofar. Ya tsorata ya ce, "Malam, na ɓata ne?" Na ce bai ɓata komai ba. Na zana masa a takarda: kibiya daga fiyano zuwa MIDI-OX, daga nan kibiyoyi uku, duk suna kallon gaba, babu mai juyowa. Ya gane nan da nan, har ya fi yadda na zata.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ƙaramin abu ne amma zai rikita yara a bidiyo. Nota mai lamba 60, MuseScore C4 take ce mata, FL Studio kuma C5, littafin da ya zo da fiyanon C3 ya rubuta. Nota ɗaya ce, inda kowa ya fara ƙirga oktaf, wato rukunin madannai sha biyu da ke maimaituwa, shi ne ya bambanta. A darasi zan riƙa cewa C ta tsakiya kawai, ba lamba. Tagar FL Studio kuma ba za ta fito a bidiyon ba, tunda sautinta kaɗai ake bukata.

Talata, 22 ga Afrilu

Raba MIDI ya ƙare, sai ga rigimar raba sauti, kuma kusan irin waccan ce. Da direban ASIO4ALL nake buga fiyano tun da can, saboda yana rage jinkiri sosai. Yadda yake yin haka shi ne ya kama katin sauti shi kaɗai. Yana kamawa OBS ba ta jin komai, bidiyo ya fito bebe.

Na koma FL Studio ASIO, wanda ke barin sauran manhajoji su yi amfani da katin tare da ita. OBS ta fara ji. Kuɗin da aka biya shi ne jinkiri. Lissafin ba ɓoyayye ba ne: idan ma'ajiyar sauti tana tara gutsure 512 daga cikin gutsuren sauti 44,100 da ke wucewa a daƙiƙa, milisakan 11.6 ke nan. Idan 256 ce, 5.8. A kan wannan kuma hanyar da Windows ke gauraya sautukan manhajoji tana ƙara nata. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka milisakan 10 daidai yake da ka zauna mita uku da rabi daga lasifika. Ga darasi mai tafiya a hankali wannan ba komai ba ne. Ga kiɗa mai sauri yatsa yana ji tun kafin kunne ya gane, sai ka ga kana danna madanni da ƙarfi fiye da kima kamar hakan zai hanzarta shi.

Na tsaya a 256. Ƙasa da haka sautin yana tsattsagewa, musamman da rana, yanzu da zafin bazara ya sa fankar kwamfutar ba ta hutawa kuma OBS na cin nata rabon.

Na so in san ko bi ta MIDI-OX da loopMIDI ya ƙara jinkiri. Na rufe komai na jona fiyano kai tsaye da FL Studio, na buga, na mayar da tsarin na sake bugawa. Yatsana bai ji bambanci ba. Nauyin duk a ɓangaren sauti yake.

Akwai kuma wani saiti a FL Studio mai suna "Auto close", wanda ke sakin katin sauti da zarar ka danna wata taga. A aikina dole ya kasance a kashe, domin MuseScore ce a gaba yayin da FL Studio ke waƙa a baya.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Ana tsakiyar ɗaukar darasi aka ɗauke wuta. Kwamfuta ta ci gaba da batirinta, amma fiyanon a kan ƙaramin akwatin raba USB yake, mai cin wutar bango. Ya mutu yatsuna uku suna kan kod, wato notoci uku da aka danna a tare. Kod ɗin ya ci gaba da kuka bai tsaya ba, madannai uku a VMPK suka tsaya a haske.

Dalilin yana cikin layuka biyun da na gani ranar 7. Saƙon dannawa ya tafi, na saki bai taɓa zuwa ba. A wurin manhaja har yanzu yatsuna suna ƙasa. MIDI yana da maganin wannan, umarni mai lamba 123, wanda ke cewa a saki duk notoci, kuma MIDI-OX tana da maɓallin gaggawa da ke aika shi zuwa kowace mafita. Na danna, ɗakin ya yi shiru, hasken madannan ya mutu.

A nan na ga wani amfanin tsarin da ban yi tunaninsa ba. Da aka tayar da inji fiyano ya dawo, MIDI-OX kaɗai na rufe na buɗe. FL Studio, VMPK da MuseScore ba su san an yi komai ba, domin ƙofofin da suke saurare ba su taɓa ɓacewa ba. A da, duk ranar da waya ta motsa sai na bi kowace manhaja na sa ta sake neman na'ura, wata ma sai an rufe ta gaba ɗaya. A inda wuta ke zuwa tana komawa, wannan kaɗai ya isa dalilin kafa tsarin ko da manhaja ɗaya kake amfani da ita.

Na cire fiyanon daga akwatin na jona shi a jikin kwamfutar. Ƙofar USB 2.0 tana ba da miliamfiya 500, ya ishe shi. Na kuma kashe saitin da ke sa Windows ta kwantar da ƙofofin USB domin tsimin batir.

Asabar, 10 ga Mayu

Wannan makon ne zare ukun suka biya kuɗinsu.

Ina so darussan su kasance da kiɗanmu, kada yara su tashi da ganin fiyano na waƙar wasu ne kawai. Na naɗi bugun kalangu na loda a FL Studio, na ba shi oktaf na ƙasa, daga nota 36 zuwa 47. Nan take matsaloli suka fito. Duk bugun kalangu MuseScore tana rubuta shi a matsayin notar bes, takarda ta cika da abin da ba waƙa ba. Sannan kalangu ba ganga ce mai murya ɗaya ba. Makaɗi yana matse igiyoyin fata a hammata muryar ta hau, ya sassauta ta sauko, a nan maganarsa take. A fiyano abin da ke kwaikwayon haka shi ne ƙaramar tayar lanƙwasa sauti da ke gefen hagu. Amma ina murza ta sai kod ɗin da na riƙe da feda shi ma ya lanƙwashe, komai ya karkace tare.

Na koma tagar sa ido. Saƙon tayar da E0 yake farawa, kuma babu lambar nota a cikinsa. Ba nota ɗaya yake yi wa magana ba, tasha gaba ɗaya yake umarta, da ma'auni daga 0 zuwa 16,383, tsakiyarsa 8,192. Feda ma haka take. Duk abin da ke zaune a tasha ta 1 dole ya bi. To ai tashoshi 16 ne a MIDI, ni kuma ɗaya nake amfani da ita.

Ga yadda na raba. A zaren Murya, duk notar da ke ƙasa da 48 tana komawa tasha ta 2, saƙon taya shi ma ya bi ta can, feda ta tsaya a tasha ta 1. A FL Studio na ɗaure fiyano da tasha ta 1, kalangu da ta 2. A zaren Takarda na zubar da notocin ƙasa da 48 da saƙon taya. Zaren Allo na bar shi yadda yake, ina so yaro ya ga duk inda hannu ya je. Yanzu ina riƙe kod da ƙafa, hannun dama yana bugun kalangu, na hagu yana kan taya, kod ɗin yana tsaye cak kalangu yana hawa da sauka a kansa.

Ran Alhamis wani dattijo abokin mahaifina, wanda ya yi rayuwarsa da kalangu a hammata, ya biyo ta wurina. Na buga masa. Ya saurara idonsa a rufe, sannan ya ce, "Ɗana, sake." Na sake. Ya ce, "Kana bugawa sannan ka matse. Wani wurin matsewa ake fara yi, a buga, sannan a saki a hankali. Ka ga, nan ne take cewa wani abu." Ya kama hannuna na hagu ya tura tayar sama tun ban buga ba, ya ce in buga, sannan ya sassauto da ita da kansa. Muryar ta faɗo kamar yadda na saba ji a gidan biki. Na ce, "Baba, a ƙara min." Ya nuna min kuma cewa tazarar ta yi kaɗan. Gaskiyarsa ne, yawancin muryoyi rabin taki biyu, wato nisan madanni biyu, sama da biyu ƙasa suke ba tayar, kalangu kuwa ya fi haka nisa. Na faɗaɗa har ya gyaɗa kai.

Ba na ruɗin kaina cewa wannan ya zama kalangu. Fata tana da amsawar da naɗaɗɗen sauti ba shi da ita, kuma wurin da sanda ta sauka a fuskar gangar ma yana canza murya. Amma yaron da ya koyi matsewa kafin bugu a kan taya, ranar da ya ɗauki kalangu na gaske kunnensa ya riga ya san abin da yake nema. Na roƙi Baba ya dawo ranar da yaran ke nan, da nasa kalangun.

Laraba, 14 ga Mayu

Feda tana da aiki biyu yanzu, kuma suna karo. MuseScore tana da hanyar rubutu da kake taka feda a kan kowane bugu domin ta matsa gaba, na kuwa ɗaura wannan a kan fedata tilo. A FL Studio kuma ita ce mai riƙe sauti. Idan ina taka ta domin kiɗa, rubutu yana tsallake wuri. Na yi saiti biyu a MIDI-OX na ajiye kowanne a fayil: na rubutu, inda feda ke zuwa Takarda kaɗai, da na kiɗa, inda take zuwa Murya da Allo. Feda ta biyu ce maganin gaskiya, sai dai fiyanon rami ɗaya gare shi.

Asabar, 17 ga Mayu

Da safe MIDI-OX ta ƙi buɗe fiyano, ta ce wani yana riƙe da shi. Na duba manhajojin uku, babu wadda ta karya ƙa'ida. Ashe shafin koyon fiyano ne da wani yaro ya bari a buɗe a burauza. Shafukan intanet ma suna iya neman na'urar MIDI, kuma in sun samu sun riƙe ƙofar kamar kowace manhaja. Na rufe shafin, komai ya dawo.

Wannan ya nuna min tsarin ya dogara da wanda ya fara shiga. Na sa loopMIDI tana tashi tare da Windows, domin ƙofofinta suna nan ne kawai muddin tana aiki. Na sa MIDI-OX ita ma a cikin masu tashi da farko. Fiyano kuma a jona shi kafin a kunna kwamfuta, a rami ɗaya kullum, wanda na yi wa alama da jan salatif. Duk shafin da ke son fiyano daga yau, Allo zai saurara.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ƙanina ya zo da tsohuwar kwamfutarsa mai Linux, ya ce, "Yaya, kawo fiyanon ka gani." Ya jona, ya rubuta aconnect -l, jerin na'urori ya fito, fiyano yana lamba 20. Ya buɗe VMPK da MuseScore, ya jona 20:0 da wannan, ya jona da waccan. Duka biyun suka ji, bai ɗora komai ba. Tsarin sautin Linux mai suna ALSA da kansa yake raba saƙo ga duk mai so. A kwamfutocin Apple ma haka abin yake, tsarinsu mai suna CoreMIDI yana barin manhajoji da yawa su saurari na'ura ɗaya, kuma akwai ƙofar cikin gida mai suna IAC ga mai son haɗa manhaja da manhaja.

Windows ma tana kan hanya. A watan Fabrairun 2025 Microsoft ta fara ba masu gwaji sabon tsari, Windows MIDI Services, wanda ke barin manhajoji da yawa su buɗe na'ura ɗaya, yana kuma ɗaukar MIDI 2.0 da aka amince da shi a 2020. Na Windows 11 ne. Kwamfutata ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, kuma tallafin Windows 10 zai ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025.

Na yi ta juya maganar. MuseScore, VMPK da OBS duk suna aiki a Linux. FL Studio ce ba ta da bugun Linux, a Windows da macOS take. Ita kuwa ba zan bar ta ba, domin ita yaran za su tarar a yawancin situdiyon da za su nemi aiki, kuma duk muryoyin da na tara a cikinta suke. Ko da sabon tsarin ya iso gare ni, ƙofa kawai zai buɗe. Raba kalangu da kod, da hana feda shiga takarda, har yanzu sai an sami mai tacewa a tsakiya. Don haka ban ga aikin makonnin nan zai tashi a banza ba. Zan zauna a inda nake, in fara tara kuɗin wata kwamfutar a hankali.

Asabar, 31 ga Mayu

Bidiyon farko ya tafi ran Talata. Waƙa ce mai sauƙi a kan notoci biyar, hannun dama kaɗai, takarda a sama, madannai a ƙasa. Na matse fayil ɗin sosai saboda data, madannai sun fito sarai amma layukan takarda sun dushe a ƙaramar waya. A na gaba zan ƙara girman rubutun a MuseScore, gaɓa biyu kawai a kowane layi.

Yau wata ɗaliba, ƙarama a cikinsu, ta zauna ta buga waƙar daga farko har ƙarshe ban nuna mata komai ba. Yatsunta ne ba daidai ba, da manuni ɗaya ta bi notocin duka, saboda VMPK madanni take haskawa, ba ta faɗin wane yatsa ne ya taɓa shi. MIDI bai san yatsa ba. Zan ɗaure waya a saman fiyano tana kallon hannuwana, in sa hoton a gefen allo, in kuma rubuta lambobin yatsu a kan notoci. Hoton kyamara yana makara a kan sauti, don haka sai na daidaita su a OBS.

Abu na gaba da ke gabana shi ne kai saƙon zuwa kwamfuta ta biyu, domin a raba nauyi: wannan ta yi sauti, ta ƙanina ta yi allo da takarda. Erichsen yana da wata manhajar, rtpMIDI, mai tura MIDI ta hanyar sadarwar gida, irin tsarin da Apple ta sa a kwamfutocinta tun 2005. Ta waya zan haɗa su, ban yarda da iska ba a kan abin da ake aunawa da milisakan. Ɓangaren Linux yana bukatar tasa manhajar da za ta karɓa, ƙanina ya ɗauki nauyin wannan. Na sayi wayar sadarwa mai mita biyar, za mu gwada bayan Babbar Sallah in Allah ya kai mu.